Datum na Minna

Datum na Minna shi ne tushen awon ƙasa da Najeriya ta gada daga zamanin mulkin mallaka, wanda a kansa aka gina mafi yawan tsofaffin taswirorin ƙasar da takardun safiyo na filaye. An sa masa sunan garin Minna, babban birnin Jihar Neja a yau, domin a can ne aka kafa turken da duk sauran awo ke komawa gare shi, wanda masu safiyo ke kira L40. Na'urorin GPS da wayoyin hannu ba da wannan tushe suke aiki ba. Suna amfani da wani tushe na duniya baki ɗaya mai suna WGS 84. Saboda haka wuri ɗaya yana da lambobi iri biyu, kuma a ƙasar Kano tazarar da ke tsakaninsu takan kama daga kimanin mita 80 zuwa 140, gwargwadon irin lambobin da aka kwatanta. A daji wannan tazara ba ta dami kowa ba. Amma a karkarar arewacin Kano, inda gonaki ke manne da juna kuma da yawansu ba su kai faɗin mita ɗari ba, ta isa ta ɗauke gona ɗungurungum ta ɗora ta a kan ta maƙwabci, a takarda.

Kalmar datum

Kalmar daga harshen Latin take, kuma asalin ma'anarta ita ce "abin da aka bayar", wato abin da aka amince da shi tun kafin a fara lissafi. A Hausa ana iya cewa "tushen awo" ko "mafarin awo". Wannan maƙala tana amfani da datum da tushen awo a ma'ana ɗaya. Kalmar safiyo kuwa ta daɗe da zama Bahaushiya, kuma tana ɗaukar ma'ana biyu: aikin auna fili, da mutumin da ke yin aikin.

Faɗin inda wuri yake

A al'ada, Bahaushe yana faɗin wurin gona ne ta maƙwabtanta. Akan ce gabas ta yi iyaka da gonar wane, yamma da burtali, kudu da rafi, arewa da gonar magadan wane. Haka ake rubutawa a takardun ciniki da na rabon gado. Tsari ne mai aiki, amma ya dogara da ƙwaƙwalwar mutanen wurin. Wanda bai san wane ba, bai san gonar ba.

Tsarin latitud da lonjitud yana faɗin wuri ba tare da ambaton maƙwabci ba. Latitud shi ne nisan wuri arewa ko kudu da layin ikwaita, wanda ya raba duniya biyu. Lonjitud shi ne nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Greenwich a Landan, wanda taron ƙasashe da aka yi a Washington a 1884 ya amince ya zama mafari. Duka biyun da digiri ake auna su. Digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya kuma sakan 60. Birnin Kano yana kan kimanin digiri 12 Arewa, digiri 8 da minti 31 Gabas. Garin Dambatta, a arewa da shi, yana wajen digiri 12 da minti 26 Arewa, kusan a kan lonjitud ɗaya da birnin.

A wannan yanki digiri ɗaya na latitud ya kai kimanin kilomita 110.6, na lonjitud kuma kimanin kilomita 109. Sakan ɗaya ke nan ya ɗan haura mita 30. Idan waya ta nuna lambobin da ɗigo, kamar 12.4333, lamba ta huɗu bayan ɗigon tana wakiltar kusan mita 11, ta biyar kuma mita ɗaya da 'yan kai. Wanda ya rubuta wurin gonarsa da lambobi uku kacal bayan ɗigo ya faɗi unguwar ne, bai faɗi gonar ba.

Siffar duniya

Kafin a ce wuri yana kan digiri kaza, sai an yarda da siffar abin da ake aunawa. Duniya ba cikakkiyar ƙwallo ba ce. Ta ɗan kumbura a tsakiya, ta ɗan danne a sama da ƙasa, har nisan da ke daga cibiyarta zuwa ikwaita ya fi na zuwa ƙuryar arewa da kimanin kilomita 21. Ban da haka fuskarta cike take da tudu da kwari. Don lissafi ya yiwu, masana sukan ɗauki wata siffa mai santsi da ta yi kusa da ta duniya, wadda ake kira elifsoid, su yi awo a kanta.

Datum ya ƙunshi abu biyu: girman wannan siffa, da kuma yadda aka zaunar da ita a jikin duniya. Kafin zuwan taurarin ɗan Adam babu mai iya auna duniya gaba ɗaya, don haka kowace ƙasa takan zaɓi siffar da ta fi kwanciya da yankinta, ta ɗaure ta a turke ɗaya. Sudan da Habasha suna da datum na Adindan, ƙasashen gabashi da kudancin Afirka suna da nasu, Najeriya kuma ta ɗaure nata a Minna.

Siffar da Najeriya ta ɗauka ita ce wadda masanin awon ƙasa na Birtaniya, Alexander Ross Clarke, ya lissafa a 1880. A lissafinsa, daga cibiya zuwa ikwaita mita 6,378,249.145 ne. A WGS 84 mita 6,378,137 ne, wato ya gaza na Clarke da mita 112. Dannewar siffar Clarke ita ce kashi 1 cikin 293.465, ta WGS 84 kuma kashi 1 cikin 298.257. A ido bambancin ba komai ba ne. A ƙasa kuwa shi ne ke haifar da fiye da rabin ruɗanin da za a zo gare shi a gaba.

Kafa tushen Minna

An tsayar da L40 a matsayin mafari a ƙarshen shekarun 1920. Lambobinsa su ne digiri 9, minti 38, sakan 8.87 Arewa, da digiri 6, minti 30, sakan 58.76 Gabas. Da kallon taurarin sama aka samo su. Minna ta dace da aikin domin tana kusa da tsakiyar ƙasar, ta yadda kuskuren da ke taruwa yayin da awo ke nisa da mafari ba zai yi wa wani ɓangare yawa ba.

Daga wannan turke aka bazu da awo ta hanyar sarƙar alwatika. Akan auna tsawon layi ɗaya a ƙasa da matuƙar kulawa, sannan a hau duwatsu da tuddai a riƙa auna kusurwoyi da na'ura daga wannan tsauni zuwa wancan. Idan aka san tsawon gefe ɗaya na alwatika da kusurwoyinta, lissafi zai fitar da sauran gefuna biyu, su kuma su zama mafarin alwatika ta gaba. A kowane wuri akan dasa turken siminti mai lamba. Daga manyan turaku ake jawo ƙanana, daga ƙananan kuma mai safiyo yake jawo awonsa zuwa kusurwar fili. Ta haka turken da ke bakin wani fili a Bichi yake da alaƙa, ta doguwar sarƙa, da L40.

Tsakanin 1966 da 1970 an yi wani babban awo da ya bi layin digiri 12 Arewa daga Senegal zuwa Chadi, har ya haɗu da awon Adindan na Sudan. Wannan shi ne layin da birnin Kano ke kansa, kuma awon ya ratsa arewacin Najeriya, amma an lissafa shi ne a kan wani datum dabam mai suna Point 58. Datum na Minna shi ma ya tsallaka iyaka, domin an yi amfani da shi a Kamaru.

Tushen yana da rauninsa. Cibiyar siffarsa ba ta faɗa a kan cibiyar duniya ba, ta kauce da kusan mita 180. Haka kuma ƙananan kurakurai sun taru a cikin sarƙar alwatika, ba kuma daidai suke a ko'ina ba. Wannan ba gazawar masu aikin ba ce, iyakar kayan aikin zamanin ke nan. Tsawon wuri daga teku kuwa ba daga Minna ake ƙirga shi ba, daga matsakaicin tsawon ruwan teku a Legas ake farawa.

Shimfiɗa ƙasa a takarda

Digiri ba ya daɗin aiki ga mai auna fili, domin shi mita yake so. Sai dai ba a iya shimfiɗa abu mai lanƙwasa a kan takarda ba tare da ya miƙe ko ya tsage ba, kamar yadda ba a iya danne ƙwarya ta kwanta a ƙasa ba ta fashe ba. Kowace taswira tana da inda ta yi ƙarya. Abin da mai zana ta ke zaɓa shi ne inda ƙaryar za ta faɗa da kuma yawanta.

Hanyar da Gerardus Mercator ya fito da ita a 1569 tana kiyaye kusurwa, amma tana kumbura ƙasashen da ke nesa da ikwaita. Wani nau'inta ne taswirorin intanet irin su Google Maps suka ginu a kai. A latitud ɗin Kano, wannan shimfiɗa tana ƙara tsawo da kusan kashi 2 cikin ɗari, faɗin fili kuma da fiye da kashi 4, idan aka auna kai tsaye a kanta ba tare da gyara ba. Don aikin safiyo sai aka juya dabarar a kaikaice, yadda layin da ba shi da kuskure zai tashi daga kudu zuwa arewa. Johann Heinrich Lambert ne ya fara wannan a 1772, Carl Friedrich Gauss da Louis Krüger suka kammala lissafinta. Sharaɗinta shi ne a yanka ƙasa ziri-ziri, kowane ziri siriri, a shimfiɗa shi shi kaɗai. Masaƙan gargajiya haka suke yi: ba sa saƙa faffaɗan zane a tashi ɗaya, sai su saƙa sirara a ɗinke.

Najeriya ta yanka kanta ziri uku, kowanne da layin tsakiyarsa. Zirin Yamma yana da digiri 4 da minti 30 Gabas, Zirin Tsakiya digiri 8 da minti 30, Zirin Gabas digiri 12 da minti 30. Sakkwato tana Zirin Yamma, Maiduguri tana na Gabas, Kano da Katsina da Zariya suna na Tsakiya, wanda ya kama daga digiri 6 da rabi zuwa 10 da rabi. Wannan tsari ake taƙaita sunansa da NTM. Layin tsakiyar Zirin Tsakiya ya ratsa ta Kano kanta, ya wuce arewa ta gefen Dambatta. Ana fara ƙirga lambar arewa daga digiri 4 Arewa, can cikin teku kudu da gaɓar ƙasar, don kada a sami lamba ƙasa da sifili. Shi kuma layin tsakiya an ba shi lambar gabas 670,553.98. Wannan adadi mai kama da an tsinto shi yana da dalili: daidai yake da ƙafa 2,200,000 a ƙafar Clarke, domin da ƙafa aka tsara awon kafin ƙasar ta koma mita a shekarun 1970.

Daga baya tsarin UTM ya shigo, wanda ya raba duniya shiyya 60, kowace mai faɗin digiri 6. Najeriya ta faɗa a shiyya ta 31 da 32 da 33. Jihar Kano gaba ɗayanta tana shiyya ta 32, mai layin tsakiya a digiri 9 Gabas, kuma Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ma a nan take. A UTM layin tsakiya yana ɗaukar lamba 500,000, lambar arewa kuma daga ikwaita ake ƙirga ta.

Ga wuri ɗaya kusa da Dambatta, mai digiri 12 da minti 26 Arewa, digiri 8 da minti 31 Gabas. A Zirin Tsakiya na NTM lambobinsa kimanin 672,400 gabas da 932,400 arewa ne. A UTM kimanin 447,500 gabas da 1,374,500 arewa. Wuri ɗaya ne, ba a motsa ko taki ɗaya ba.

Ɗalibai kan ba miƙewar shimfiɗa muhimmancin da ya wuce nata. A kan layin tsakiyar NTM, kilomita ɗaya a ƙasa yana raguwa da santimita 25 a lissafin taswira. A UTM, a wajen Dambatta, ragin bai kai santimita 40 ba. Ga mai gina hanya ko magudanar ruwa mai tsawon kilomita da yawa, wannan abin lura ne. Ga gona mai tsawon mita ɗari kuwa santimita uku ne ko huɗu, bai kai faɗin kunya ba. Matsalar gona ba a nan take ba.

Bambanci da WGS 84

Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta tsara WGS 84, kuma shi ne tushen da taurarin GPS ke aiki da shi. Cibiyarsa a kan cibiyar nauyin duniya take, don haka bai fifita wata ƙasa ba. Ko Greenwich bai tsira ba: layin sifili na WGS 84 ya wuce ne kimanin mita 102 gabas da tsohon layin da masu yawon buɗe ido ke tsayawa a kai su ɗauki hoto.

Don juya lambobin Minna zuwa WGS 84, hukumar taswirar sojan Amurka ta wallafa adadi uku na kaucewar cibiya a Najeriya: mita 92 da mita 93 da za a rage a jihohi biyu na farko, da mita 122 da za a ƙara a jiha ta uku, wadda ta nufi ƙuryar arewa. Idan aka yi lissafi da su a latitud ɗin Kano, abin da ke fitowa yana da ɗan ban mamaki. Latitud kusan ba ya canzawa, 'yan mitoci ne kawai, domin kaucewar cibiya da bambancin siffa suna kashe juna a wannan yanki. Lonjitud kuwa yana canzawa da kusan sakan biyu da rabi, kimanin mita 80. Amma idan lambobin UTM aka kwatanta, lambar arewa ma tana canzawa da kusan mita 120, saboda tsawon hanya daga ikwaita zuwa digiri 12 ba ɗaya ba ne a kan siffar Clarke da ta WGS 84. Idan aka haɗa biyun, tazarar ta kai kimanin mita 140.

Waɗannan adadi uku na kusa-kusa ne, kuskurensu yakan kai 'yan mitoci. Saboda kurakuran da suka taru a tsohuwar sarƙa, babu adadi ɗaya da ya dace da ƙasar duka, shi ya sa kamfanonin mai a Neja Delta suka fitar da nasu na yankinsu. Mai safiyo da ke son daidaito sosai yakan nemi tsofaffin turaku na kusa, ya auna su da GPS, ya fitar da gyaran da ya dace da wurin.

A gonakin arewacin Kano

Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore da J. Wilson sun yi nazarinta a wani littafi da sashen labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar a 1965, Polly Hill kuma ta rubuta a kan ƙauyukan Dorayi a littafinta na 1977. A ƙananan hukumomi irin su Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa da Dambatta, kusan duk ƙasar da za ta nomu ana noma ta kowace damina, ba a barin saura, taki da toka ne ke riƙe da ita. Rabon gado yana ƙara tsaga gonakin daga tsara zuwa tsara, har gandun da kaka ya noma shi kaɗai ya koma 'yan filaye a hannun jikoki. Iyaka takan zama layin gamba ko jema, shingen aguwa ko lalle, ko wata kuka ko ɗorawa da kowa ya sani. Idan gardama ta tashi, mai unguwa da dagaci da dattawan da suka san tarihin gonar su ne shaidu na farko, kafin magana ta kai gaban hakimi ko alƙali.

Auna gona ba baƙon abu ba ne a nan. Daga wajen 1909 Turawan mulki suka shigo da tsarin haraji da aka sani da taki, inda malamai ke zagaya gona suna ƙirga takunsu, a fitar da faɗinta, a yanka wa mai ita haraji. Sai dai wannan awo girman gona yake nema, ba wurinta a doron ƙasa ba. Ba ya bukatar datum.

Buƙatar lambobi ta taso ne da takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna bisa amana, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara. Mai neman takardar shaidar mallaka daga jiha sai ya kawo zanen safiyo. Ana neman lambobin gona wajen biyan diyya idan hanya ko layin wuta zai ratsa, wajen jinginar da fili a banki, da wajen rajistar manoma a shirye-shiryen tallafi. Gefen birni kuma, inda ake yanka gonaki ana mayar da su fulotai, lamba ta zama kuɗi. A Kano, hukumar KANGIS ce ke tattara bayanan filaye a kwamfuta, kamar yadda AGIS ke yi a Abuja da KADGIS a Kaduna.

Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce. Idan gonar mai kusurwa huɗu daidai ce, kowane gefe bai wuce mita 64 ba. Hekta ɗaya kuma mita 100 ce kowane gefe. A ɗauka, a matsayin misali, magada suna riƙe da tsohon zanen safiyo na gonar mahaifinsu mai lambobin UTM a kan datum na Minna. Ɗaya daga cikinsu ya shigar da lambobin a waya, ya bi inda ta nuna. Wayar za ta kai shi kimanin mita 80 gabas da mita 120 kudu da ainihin kusurwar. A wurin da gonaki eka-eka ne, ya tsallake gonar maƙwabci ya shiga ta bayanta. Takardar ba ta yi ƙarya ba, wayar ma ba ta yi ba. An tambayi ɗaya ne da harshen ɗaya.

Kaucewar ba ta rage girman gona, ba ta kuma sauya siffarta. Da a ce duk gonakin ƙauye a kan datum ɗaya aka auna su, kowace za ta zauna daidai kusa da 'yar'uwarta, ko da duk sun matsa tare. Rikici yana zuwa ne idan aka gauraya: wannan gona an auna ta tun da daɗewa daga turakun Minna, ta kusa da ita an auna ta bana da GPS, sannan aka ɗora su a taswira ɗaya a kwamfuta ba tare da juyawa ba. Sai a ga sun hau juna, ko kuma a ga wani fili a tsakaninsu wanda babu shi a ƙasa. Haka yake faruwa idan aka ɗora tsohon zane a kan hoton tauraron ɗan Adam.

Ba duk gaurayawa ce ke da haɗari iri ɗaya ba. Lambobin NTM da na UTM sun yi nisa da juna ƙwarai, mai fara wa da 672 ba ya rikicewa da mai fara wa da 447, kuma wanda ya musanya su zai ga gonarsa ta faɗa wata jiha, nan take zai gane. Mai haɗarin shi ne UTM na Minna da UTM na WGS 84. Lambobinsu uku na farko sukan zo iri ɗaya, bambancin yana ɓoye a na ƙarshe, kuma wurin da suka nuna yana nan cikin ƙauyen, a gonar wani da aka sani. A tsofaffin taswirorin gwamnati masu ma'aunin 1:50,000, waɗanda aka zana daga hotunan jirgin sama a kan datum na Minna, mita 140 ba ta kai milimita uku ba, shi ya sa aka daɗe ba a damu ba. A zanen fili mai ma'aunin 1:1,000 kuwa santimita 14 ce.

Wannan ne dalilin da ya sa zanen safiyo na ƙwarai yake faɗin tushensa a jikinsa: datum, ziri ko shiyya, da lambar turken da aka jawo awo daga gare shi. Manhajojin taswira suna bambanta su da lambobin rajistar EPSG. Digirin Minna shi ne 4263, Zirin Tsakiya 26392, UTM shiyya ta 32 a kan Minna 26332, digirin WGS 84 kuma 4326, UTM ɗinsa na shiyya ta 32 shi ne 32632. Tsakanin 26332 da 32632 ido yana saurin zamewa. Yawancin na'urorin GPS na hannu suna da Minna a jerin datum ɗinsu, ana iya sauya su zuwa gare shi kafin a shigar da tsofaffin lambobi.

Ko an daidaita datum, waya tana da nata kuskuren. Tun da Amurka ta daina gurɓata siginar GPS ta farar hula da gangan a watan Mayu na 2000, waya a fili buɗaɗɗe takan faɗi wuri da kuskuren mita uku zuwa biyar, ya fi haka a ƙarƙashin inuwar tsamiya ko darbejiya. Idan kowane gefe na gona mai eka ɗaya ya fita da mita uku, girmanta ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Waya ta isa ta kai baƙo gona, ba ta isa ta raba gardamar kunya biyu ba. A doka ma, zanen da ake karɓa shi ne wanda mai safiyo mai rajista da hukumar SURCON, wadda aka kafa a 1989, ya sa wa hannu.

Sabon tushe

Daga 2008 Ofishin Safiyo-Janar na Tarayya ya fara kafa tashoshin dindindin da ke karɓar siginar taurari dare da rana, a ƙarƙashin tsarin NIGNET. Akwai irinsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Birnin Kebbi, da Toro a Jihar Bauchi. Mai safiyo da ke da na'ura mai kyau yana iya haɗa awonsa da bayanan tasha ya sami daidaiton santimita. Daga bayanan waɗannan tashoshi aka lissafa sabon datum mai cibiya a tsakiyar duniya, NGD2012, wanda ya yi kusa da WGS 84 ƙwarai, kuma yana cikin yunƙurin AFREF na haɗa ƙasashen Afirka a kan tushe ɗaya.

A wannan mataki na daidaito wani abu yana bayyana wanda masu dasa L40 ba su da hanyar gani: ƙasar kanta tana tafiya. Farantin da Najeriya ke kansa yana matsawa arewa maso gabas da kimanin santimita biyu zuwa uku a shekara. Datum na Minna bai san da wannan ba, domin turkensa yana tafiya tare da gonakin da aka auna daga gare shi. A sabon tsari kuwa, lambobi masu daidaiton santimita sai an rubuta musu shekarar da aka ɗauke su.